Zancen Zuci Lokacin Fushi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai zancen da babu mai jin sa sai kai da Ubangijinka, wato zancen zuci. A Suratu Ƙaf, aya ta 16, Allah Ya ce Shi Ya halicci mutum, kuma Ya san abin da ransa ke raya masa.

Masana ƙwaƙwalwa sun gano wani ɗan sashe can ciki, amigdala, da ke zabura da zarar an zage ka. Shi ke sa gaba ya riƙa bugawa, jiki ya ɗau zafi. Mai taka masa birki yana bayan goshi, kuma ba ya gama nuna sai wajen shekara 25 (a riƙa yi wa samari uzuri, don Allah). A 2007, wani bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles ya nuna cewa idan mutum ya kira motsin rai da sunansa, fushi ne ko tsoro, aikin amigdala yana raguwa, na sashen goshi ya ƙaru.

Dubi Annabi Yusuf (AS). 'Yan'uwan da suka jefa shi rijiya suka tsaya gabansa suna jingina masa sata, ga mulki a hannunsa. Aya ta 77 ta surarsa ta ce ya ɓoye abin a ransa, bai bayyana musu ba. Malaman tafsiri da yawa sun ce martaninsa a zuci ya faɗe shi.

Amma wanda ya fi tsaya min shi ne hadisin Sulaiman ɗan Surad, a Bukhari da Muslim. Mutum biyu suna zage-zage, fuskar ɗaya ta yi jawur. Manzon Allah (SAW) ya ce ya san kalmar da in mutumin ya faɗa fushin zai gushe: A'uzu billahi minash shaiɗanir rajim. Aka je aka gaya wa mai fushin, sai ya ce, "Ni mahaukaci ne?"

Magani ya zo har gabansa, ya ture. Idan rai ya ɓaci, nasihar waje da ƙyar take shiga. Muryar cikinka kaɗai kake saurare. To me ka saba mata faɗa? In kullum "ni za a raina?" take maimaitawa, ranar rigima shi za ta karanto maka. Ka saba mata tun kana cikin natsuwa: "Wane, fushi ne wannan. Nemi tsari, yi shiru, zauna."