Jirgi Ba Ya Haɗa Hadari: Nasiha Ga Matasan Maraɗi

Samari da ƴan matan Maraɗi, duk shekarar da ruwa ya ɗauke a watan Yuli, yabanya ta fara yaushi, magana biyu ce ke yawo a fada da WhatsApp. Wasu su ce a tura jirgi kawai ya sauko mana da ruwa, wasu su ce ai ƙasashen waje ne ke kore mana hadari. Duka biyun sun ba jirgi ƙarfin da ba shi da shi, kuma bai dace mai ilimi ya riƙa yaɗa su ba.

Feshin hadari, wato zuba wa girgije sinadari don ya sako ruwa, gaskiya ne. A 1946 Vincent Schaefer, a Amurka, ya gano cewa busasshiyar ƙanƙara, wato daskararriyar iskar carbon dioxide, tana daskarar da ɗigon ruwan da ke cikin girgije, a shekarar kuma Bernard Vonnegut ya gano sinadarin azurfa da aidin yana yin wannan aiki. Ɗigon girgije ƙanana ne ƙwarai, sai kusan miliyan sun haɗu kafin a samu ɗigon ruwan sama ɗaya mai nauyin faɗowa. Aikin feshi shi ne gaggauta wannan haɗuwa. In saman girgijen ya kai sanyin digiri 5 ƙasa da sifili ko fiye, a sa sinadarin azurfa. In mai ɗumi ne, a kunna sandunan gishiri da ke jere a fukafukan jirgi, a ƙarƙashin girgijen, inda iska ke hawa sama ta zuƙe hayaƙin. Kamar tatsa ne, sai da nono a hantsa. Sararin da ba girgije ko kaɗan, ko jirgi goma aka tura gishirin kawai za a yi asara.

Ko da girgijen ma, wuraren kuskure suna da yawa. Dole a same shi yana matashi, yana tasowa, kuma wannan dama ba ta cika wuce rabin awa ba, saboda haka in babu radar, na'urar hango girgije daga nesa, da zai nuna wa matuƙi inda zai nufa, kafin ya isa an gama. In aka zuba sinadari fiye da kima, ɗigon su yi yawa su raba ruwan tsakaninsu, babu wanda zai yi nauyi. Wani lokacin ruwan ya sauko amma busasshiyar iskar ƙasa ta shanye shi tun bai taɓa gona ba. Mu kuma mafi yawan ruwanmu daga manyan hadarurrukan nan ne da ke tasowa daga gabas su nufi yamma da guguwa a gabansu, faɗinsu ɗaruruwan kilomita. Irin waɗannan babu na'urar da ke iya tayar da su ko juya su.

Babbar tambaya ita ce, in an yi feshi ruwa ya zuba, wa ya san ba zai zuba ba ko da an bar shi? Hanyar sani ɗaya ce: a jefa ƙuri'a, a fesa wasu giragizai a bar wasu, a auna duka, damina bayan damina. Isra'ila ta shafe shekaru gommai tana feshi, da ta sake gwaji mai tsauri ta ga ƙarin bai kai kashi 2 cikin 100 ba, ta dakatar a 2021.

Wannan wahala ce ta sa ƙasashe ke haɗa kai. Maroko ta fara shirinta a 1984, ta kama wa Burkina Faso ta kafa shirin Saaga a 1998. Mali ta biyo da Sanji a 2006, Nijar ta gwada a 2022 da jirgin wani kamfanin Mali. Daular Larabawa ta buɗe gasar bincike a 2015, tana ba kowane aikin da ya ci dala har miliyan 1.5 na shekara uku. Akwai kuma yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1976 da ta haramta mayar da yanayi makami, bayan feshin da sojan Amurka suka yi a yaƙin Biyetnam. Tsoron mutane ke nan yana da tushe, sai dai hujja yake bukata ba jita-jita ba.

To, me ɗan Maraɗi zai kai wannan teburi? Awo. Ƙasar da ba ta da lissafin ruwanta, duk abin da mai jirgi ya faɗa mata sai ta karɓa ta biya. Ku samu ma'aunin ruwan sama na manoma, ku kafa shi a fili, nesa da bishiya ko katanga da aƙalla ninki biyu na tsayinsu. Bakinsa ya zauna daidai, don in ya karkace awon ya ɓaci. Ku karanta kowace safiya a lokaci ɗaya kafin rana ta ƙafar da shi, ku zubar, ku goge ƙura, ku kewaye shi saboda awaki. Ranar da ba a yi ruwa ba ku rubuta sifili, kada ku bar gurbi, domin mai nazari ba zai san ko fari ne ko mantuwa ba. Milimita 1 lita 10,000 ce a hekta ɗaya. Daga littafin nan ne za ku gaya wa iyayenmu ko an samu milimita 20 da ake jira kafin shuka, maimakon a zuba iri kan yayyafin farko a sake shuka sau biyu.

Masu son zurfafawa, ku riƙe lissafi da fiziks da kyau. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗanƙulodo tana nan cikin gari, cibiyar binciken noma ta INRAN na Tarna, cibiyoyin nazarin yanayi na AGRHYMET da ACMAD kuma suna Yamai, inda ake horar da masana yanayi na yankin nan. Ku kai littafin awonku ofishin hasashen yanayi na jiha a gwada shi da nasu a ƙarshen damina.