Bencin baya na cocinmu

Jama'a, ku yi mini haƙuri, rubutun yau zai ɗan yi tsawo. Abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, na rasa wanda zan faɗa wa.

Akwai wani benci a cocinmu, can baya dab da ƙofa, inda sanyin hunturu ke fara dukan mutum. Ba a rubuta komai a jikinsa ba, amma ko yaro ya san na su wane ne. A nan ake zaunar da wanda dattawa suka sa a horo. Wata biyar ke nan da wata yarinya 'yar ƙungiyar mawaƙa ta koma kansa. Shekararta 19. Ciki ne ya fito, babu aure. Aka kira sunanta a gaban ikilisiya bayan sanarwa, aka karɓe rigar mawaƙa, aka hana ta cin Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo na tunawa da mutuwar Yesu. Wanda ya yi mata cikin kuwa, babu wanda bai san shi ba, kuma har yau a tsakiyar coci yake zama, yana tafi idan an tayar da waƙa.

Ba zan yi muku ƙarya ba, ina cikin waɗanda suka ci namanta. Ranar wata Laraba a taron Zumuntar Mata, muna jiran Mama shugaba ta iso, hira ta faɗa kanta. Wannan ta ce ai dama rawar kanta ta yi yawa. Waccan ta ce laifin uwar ne. Ni kuma da bakina na ce tun da na ga irin ɗinkin da take sawa na san za a rina. Aka yi dariya. Mama ta shigo, muka miƙe, muka gyara ɗauri, muka fara waƙar yabo kamar ba mu ba.

Lahadin da ta biyo baya ce ta kama ni. Muna cikin Addu'ar Ubangiji, mun zo daidai inda ake cewa ka gafarta mana laifofinmu kamar yadda mu ma muke gafarta wa masu yi mana laifi, ban san abin da ya sa na buɗe ido na waiwaya ba. Tana nan a bencin ita kaɗai, ta rufe cikin da gyale, leɓenta na motsi, kalmomin da nake faɗa su take faɗa. Ni kuma ga ni a layi na biyu, da zanen zumunta, da Littafi Mai Tsarki mai zip, shekara bakwai ban yi magana da yayana ba, uwa ɗaya uba ɗaya.

Baba ya rasu a 2017. Kafin shekara ta zagayo Yaya ya sayar da filin da Baba ya bari, bai ko yi mana sallama a kai ba, mu ƙannensa mata huɗu. A bakin maƙwabta muka ji, sai da aka fara sauke bulo. Tun ranar na toshe lambarsa. Da ya tashi aurar da 'yarsa ta fari ya aiko da anko, na mayar masa a ledarsa ko kwance ta ban yi ba. Cikin shekarun nan duka ban taɓa fashin Jibin Ubangiji ba, ban taɓa fashin ba da baiko a coci ba, alhali a Matiyu 5:23-24 Yesu ya ce in ka kawo baikonka ka tuna akwai wata 'yar tsama tsakaninka da ɗan'uwanka, ka ajiye shi a nan, ka je ku shirya tukuna, sannan ka dawo. Babu dattijon da ya taɓa kirana, babu wanda ya nuna mini bencin baya. Dalili ɗaya ne: nawa zunubin ba ya fitar da ciki.

Labarin Yohanna sura ta 8 mun sha jin sa tun a makarantar Lahadi, har ya zama kamar tatsuniya. Malaman Attaura da Farisiyawa sun kawo wa Yesu mace, suka ce an kama ta tana cikin zina, Musa ya ce a jefe ta. Amma ku koma Littafin Firistoci 20:10, doka ta ambaci namiji da macen duka. To ina namijin? Ai zina ba mutum ɗaya ke yin ta ba. Sun sake shi, suka ja mai rauni zuwa tsakiyar taro. Yesu ya sunkuya yana rubutu a ƙasa, sannan ya ce marar zunubi a cikinsu ya fara jifa. Suka zame ɗaya bayan ɗaya, manya ne ma suka fara. Abin da ya fi taɓa ni shi ne bai ce mata ba ta yi laifi ba. Ya ce ta tafi, kada ta ƙara. Amma sai da ya fara ɗauke mata duwatsun. Mu kuwa jifa muke fara yi, in mutum ya rayu sai mu yi masa wa'azi.

Kada wani ya zo ƙarƙashin rubutun nan ya ce ina so a soke horo. A'a. Gidan da babu tsawatarwa ai kango ne. Amma yadda aka koya mana a Matiyu 18:15, a ɓoye ake farawa, daga kai sai shi, kuma abin da ake nema shi ne a maido da ɗan'uwa. A Galatiyawa 6:1 Bulus ya ce a komo da wanda ya faɗi da tawali'u, mai komo da shi ma ya lura da kansa. A wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korintiyawa, sura ta 2, da ya ga an hukunta wani mutum ya isa haka, sai ya roƙe su su yafe masa, su ƙarfafa masa zuciya, kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Cikin wata biyar ɗin nan, mu matan zumunta da muke kai ziyara asibiti da gidan makoki da kulolin abinci, babu wadda ta taka gidan su yarinyar. Wadda ke raka ta awo maƙwabciyarsu ce, wata Hajiya mai sayar da ƙosai. Da na ji haka, kunya ta rufe ni. Basamariyen nan na Luka sura ta 10 na tuna, wanda ya tsaya ya taimaki mutumin da aka ji wa rauni a kan hanyar Yariko bayan firist da Balawi sun ratse. Mu 'yan arewa ma ba sai mun je Yariko ba. A watan Yunin 2018, da aka kai hari a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Barikin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutum 262, akasarinsu Kirista, a gidansa da masallacinsa, ya tsaya a gaban maharan ya ƙi miƙa su. Bai tsaya tambayar wane ne ya cancanta ba.

Na san abin da wasu za su ce: ke dai ba a ƙona miki gida ba ne, shi ya sa gafara ke miki daɗin faɗa. Ba zan yi musu ba, akwai masu ɗauke da abin da ya fi fili nauyi nesa ba kusa ba. A Kaduna na tashi, na ga rikicin 2000, na ga na 2002, na ga yadda kogi ya zama iyaka tsakanin mutanen da da a tsakar gida ɗaya suke. Amma a garin nan ne kuma Fasto James Wuye da Imam Muhammad Ashafa suke. A rikicin 1992 da ya taso daga Zangon Kataf, kowannensu na jagorantar matasan ɓangarensa. Fasto ya rasa hannunsa na dama. Imam ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 aka haɗa su, daga baya suka kafa cibiyar sasanci da ta yi aiki har a Yelwan Shendam. Abin da nake so a labarinsu shi ne gaskiyar da Faston ya faɗa da bakinsa, cewa ko bayan sun fara aiki tare, ya yi shekaru yana jin kamar ya danne abokin nasa da matashi in sun kwana ɗaki ɗaya. Gafarar ba ta sauko masa dare ɗaya ba, kuma ba ta mayar masa da hannu ba. Ina jin shi ya sa da Bitrus ya tambaya ko yafewa sau bakwai ta isa, Yesu ya ce bakwai har sau saba'in. Da ina ɗauka laifi 490 ake nufi. Yanzu na ga laifi ɗaya ma kan iya cinye lissafin, don kullum ka farka sai ka tarar da shi ya dawo ya zauna maka a ƙirji.

Wani abu kuma, tun da bakina ya riga ya buɗe. Mu daina ɗaukar ayoyin gafara muna toshe bakin wanda aka zalunta. Mace ta zo da kumburarren ido, a ce mata ki yi haƙuri ki koma, ai Kirista gafara yake yi, shi kuwa mai dukan ko kiransa ba a yi ba. Wannan ba gafara ba ce, rufa-rufa ce. Bulus da aka yi masa bulala a Filibi ba tare da shari'a ba, bai sulale ya tafi ba, cewa ya yi sai mahukuntan sun zo da kansu sun fitar da su. Kana iya sauke ramuwa daga zuciyarka, ka kuma nemi haƙƙinka ta hanyar da ta dace. Ni ma ban ce abin da Yaya ya yi daidai ne ba, har gobe ba daidai ba ne.

Sai dai misalin bawan nan na ƙarshen Matiyu 18 ya hana ni barci. Sarki ya yafe masa talanti 10,000, ya fita ya shaƙe wuyan ɗan'uwansa a kan dinari 100. Dinari ɗaya lada ne na aikin yini guda, talanti ɗaya kuwa dinari 6,000 ne. Ku buga lissafin da kanku. Ni dai na buga, na ajiye wayar.

Makon jiya na cire lambar Yaya daga inda na toshe ta. Sau uku ina dannawa ina kashewa. A na huɗu ya ɗauka. Na ce, "Yaya, ina wuni, ni ce." Ya yi shiru har na ɗauka layin ya yanke. Sannan ya ce, "Auta? Ya yara?" Bai ambaci fili ba, bai ba ni haƙuri ba, ni ma ban tayar ba. Mun yi minti huɗu, rabi a kan ciwon ƙafarsa. Da na kashe, raina ya sake ɓaci, na zauna a bakin gado ina ta maimaita maganganun da ya kamata a ce na faɗa masa. Ranar Asabar zan sake kira.

Jiya Lahadi na makara da gangan. Na shiga ta ƙofar baya, na ce wa yarinyar, "'Yata, matsa mini." Ta ɗago a tsorace, ta ja gyalenta, ta matsa. Bencin yana da ƙusa ɗaya da ta fito, ta kama mini zane. Da aka zo waƙar baiko na miƙa mata littafin waƙoƙina, ta girgiza kai, ta ce a hankali, "Mama, na haddace." Ta kuwa rera, da muryar nan tata da muka yi wata biyar ba mu ji ba. Daga layi na biyu mata biyu sun waiwayo sun dube ni. Ranar Laraba akwai zumunta, na san da ni za a buɗe hira kafin Mama shugaba ta iso.