Nawa manomin fadama zai biya a cire kachala?

Duk wanda ya san ƙasar Haɗeja, daga Auyo zuwa Kirikasamma da Guri, ya san yadda ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren kamun kifi, tun bayan da madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 suka sauya yanayin malalar ruwa. Shinkafa da kifi suna da farashi a kasuwa, don haka lissafin asararsu ba shi da wuya. Amma ruwan da fadama ke ɗura wa rijiyoyi, da ciyawar rani, da tsuntsayen da ke sauka a fadamar Baturiya daga Turai, babu kasuwar da ake sayar da su, kuma abin da ba shi da farashi ba kasafai yake shiga kasafin gwamnati ba.

Dabarar da masana tattalin arziki suka fito da ita ita ce a tambayi mutane kai tsaye. Ba a cewa mutum ya faɗi kuɗin da ya ga dama. Ana raba magidanta rukuni-rukuni, a bayyana musu aikin da za a yi, sannan a tambayi kowane rukuni adadi guda. A misali, waɗannan a ce musu naira 1,000 a shekara, waɗancan 3,000, wasu kuma 10,000, kowa ya amsa da e ko a'a. Yayin da kuɗin ke hawa, masu cewa e suna raguwa, kuma daga yadda suke raguwa ne mai ƙididdiga ke gano adadin da rabin jama'a za su yarda da shi, rabi su ƙi. Hanyar ta yi ƙarfi ne bayan malalar man jirgin Exxon Valdez a gaɓar Alaska a 1989, inda bincike ya ƙiyasta asarar da Amurkawa suka ji a ransu da dala biliyan 2.8, abin da ya jawo gardama har aka kafa kwamiti ƙarƙashin masana tattalin arziki biyu, Kenneth Arrow da Robert Solow. A 1993 kwamitin ya amince da hanyar bisa sharuɗɗa, ciki har da yin tambayar ido da ido da tuna wa mai amsa cewa kuɗin daga aljihunsa zai fito.

Ban ƙi wannan hanya ba, domin rashin lissafi ya fi cutar da mu. Damuwata ita ce yadda ake ɗauko ta a sauke a ƙauyukanmu ba tare da an yi mata gyara ba.

Mutumin karkara yana da kara. Idan baƙo ya zo da takarda, ga mai unguwa a zaune a gefe, da wuya dattijo ya ce a'a ga abin da aka ce zai amfani gari, ko da kuwa ya san rumbunsa babu komai. Wani kuma zai ce a'a ba don ruwan ba shi da daraja a wurinsa ba, sai don ya sha ba da kuɗin kwamiti bai ga aiki ba, ko don yana ganin gyaran haƙƙin gwamnati ne. Idan aka lissafa wannan a'a a matsayin sifili, an yi wa mutumin ƙarya. An gwada wani abu mai sauƙi a nan Najeriya: Dale Whittington da abokan aikinsa, a binciken ruwan sha da suka wallafa a 1992 kan wasu ƙauyuka na jihar Anambra, sun ba wasu magidanta kwana guda su yi tunani, sai aka ga adadin da suka amince da shi ya yi ƙasa da na waɗanda suka amsa nan take. Wato amsar da aka kwana da ita, aka yi shawara da iyali a kanta, ta fi kusa da gaskiya.

Sai kuma batun lokaci. Manomin da aka tambaya a watan Agusta, lokacin da hatsi ya ƙare kuma sabo bai nuna ba, ba zai ba da amsar da zai bayar da kaka ba, alhali fadamar ba ta canja ba. A nan aljihunsa aka auna. Shi ya sa nake ganin a tambaye shi da ma'aunin da ya saba da shi: kwana nawa zai bayar a aikin gayya na yankan kachala, ko tiya nawa ta shinkafa zai ware bayan girbi, daga baya a mayar da su naira. Haka nan a riƙa bayyana adadin tsakiya, wato wanda rabi suka yarda da shi rabi suka ƙi, ba a tara a raba kawai ba, domin attajirai biyu ko uku masu injin ban ruwa sun isa su ɗaga sakamakon gari guda. Mata ma, waɗanda ruwan gida da itacen girki suka fi shafa, sau da yawa ba a jin ta bakinsu, saboda maigida ake tsayarwa a zaure, ba a kuma zo da mace mai tambaya da za ta shiga cikin gida ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ita kanta tambayar. Kwamitin Arrow da Solow ya zaɓi a tambayi abin da mutum zai biya, maimakon diyyar da zai karɓa, domin kada adadin ya kumbura. Wannan yana da ma'ana ga Ba'amurken da bai taɓa zuwa Alaska ba. Amma masuncin Guri ya gaji ruwan nan ne kaka da kakanni kafin a tare shi a sama, kuma binciken Edward Barbier da abokansa a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa ruwan da ya malala a fadamar Haɗeja ya fi ba da amfani, nesa ba kusa ba, a kan irinsa da aka karkatar zuwa aikin noman rani na kogin Kano. Tambayar irin wannan mutum nawa zai biya a mayar masa da ruwansa tana nufin an riga an yanke hukunci cewa ruwan ba nasa ba ne, kuma ba mai ƙididdiga ne ke da hurumin yanke wannan hukuncin ba.