Bakano Zai Buɗe Shago a Telč

Bakano: Zage-zagi, an ce ka dawo daga ƙasar Turawa. Wane gari ka fi so a can?

Bazazzagi: Wani ɗan garin kasuwa a ƙasar Cek, Alhaji. Telč.

Bakano: Yarhamukallah.

Bazazzagi: Ba atishawa na yi ba, sunan garin ke nan. Yana yankin Morabiya, kusan tsakiyar hanya tsakanin Prague da Vienna.

Bakano: Bar min sunan, ka ce garin kasuwa ne? Matso kusa. Mutum nawa ne a ciki?

Bazazzagi: Wajen 5,000.

Bakano: A wane layin?

Bazazzagi: Garin gaba ɗaya.

Bakano: Kai! Masu dako kaɗai a Kwari sun ci su da yawa. To, suna da ganuwa?

Bazazzagi: Ganuwarsu har da ruwa. Tafkuna uku aka haƙa suka kewaye garin, abokin gaba sai dai ya iya iyo. Kuma a ciki suke kiwon kifi.

Bakano: Wannan kam dabara ce. Badala da ake miya da ita! Mu tamu ko akuya ba ta ƙoshi a kai. Amma garin da ruwa ya kewaye ai ba ruwansa da gobara.

Bazazzagi: A 1530 gobara ta cinye babban ɓangare na garin.

Bakano: Ruwa dama, ruwa hagu, gari ya ƙone? Anya ba danginku ba ne suka kafa shi?

Bazazzagi: Ka bari in gama mana. Bayan gobarar sai garin ya faɗa hannun wani basarake, Zachariáš na gidan Hradec.

Bakano: Zakariyya? Ashe namu ne.

Bazazzagi: Ba naku ba ne. Ya je Italiya a 1551, ya ga gine-ginen Genoa, ya dawo hankalinsa bai kwanta ba. Ya kawo magina 'yan Italiya suka gyara masa fada. Talakawa kuma suka sake gina gidajensu a kewayen dandalin kasuwa, kowane gida da launinsa, gabansa siriri, cikinsa dogo.

Bakano: Siriri saboda kowa ya samu bakin kasuwa. Wannan ko ba ka faɗa ba na gane.

Bazazzagi: Ƙarƙashin gidajen kuma rumfa ce doguwa a haɗe, ka zaga dandalin ana ruwa ko ɗigo bai taɓa ka ba.

Bakano: Rumfa? To ka gani! Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa Kurmi tun kafin su ƙone. Sunan ma namu suka ara. Yanzu me ake saye da sayarwa a wurin?

Bazazzagi: Kofi, da ɗan abin tsaraba. Jirgin ƙasa bai iso ba sai 1898, manyan masana'antu suka yi wani wajen, garin ya zauna yadda Zachariáš ya bar shi. Shi ya sa a 1992 UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya.

Bakano: Wato kasuwa ta kwanta, aka ba su lambar yabo.

Bazazzagi: Kusan haka.

Bakano: Ba komai, zan tashe ta. Rumfa uku zan kama, in fasa bangon tsakani, in yi fenti kore, in kafa allo: Alhaji da 'Ya'yansa, atamfa da shadda.

Bazazzagi: Ko ƙusa ka buga ba izini, sai hukumar adana tarihi ta zo kanka.

Bakano: To mutanen da ke cika wurin, me suke zuwa yi?

Bazazzagi: Kallo. Su ɗauki hoton gidajen su tafi.

Bakano: Nawa hoto ɗaya?

Bazazzagi: Kyauta.

Bakano: Innalillahi! Shekara ɗari huɗu da wani abu kaya na baje, ba mai karɓar kuɗi? Zage-zagi, tashi ka nemo min biza, ka taho da ɗan littafin rasit.