Dubiyar ciwon da babu shi

Tunda labarin ya riga ya isa guruf ta bakin wasu, gara ku ji shi daga nawa bakin. E, ƙarya na yi. Sati ukun nan da na ce ba na jin daɗi ku sa ni a addu'a, lafiyata ƙalau, ko atishawa ban yi ba. Feji na 64 na littafin da nake sakar muku ne ya gagare ni.

Kun kuma san wadda ta ja min. Yarinyar nan mai karatun ungozoma, wadda ke bin littafina da biro da takarda kamar an aiko ta binciken kuɗi. Ranar da na saki feji na 63 ana ta zuba min yabo, kaina har ya fara kumbura, sai ga nata saƙon: "Anti, ba rashin kunya ba, cikin amaryar nan ya kai wata goma sha huɗu." Har da lissafi ta jero. An gano shi a Sha'aban yana wata biyu, feji na 21. An yi ƙaramar salla da shi. An yi layya da shi, har na sa ta gudu daga kicin saboda ƙaurin suya. Ga shi a feji na 60 uwargida na sayen gero don wani azumin, ita kuwa baiwar Allah tana nan tana tura ciki.

Na koma na duba, gaskiyarta ne. Ina can ina fama da uwargida da bokanta na manta na bar mai juna biyu a ɗakin baya. Da a lokacin da muke buga littafi a takarda ne, na ɗaya, na biyu, na uku, kafin na ukun ya shiga kasuwa babu mai tuna watan da aka ɗauki ciki. Yanzu da yatsa ɗaya za a ja baya a kama ki dumu-dumu. Na so in ce cikin kwanciya ya yi, irin yadda iyayenmu ke faɗa, sai na tuna na ci wannan dabarar a littafin da ya wuce, kuma ita dai wannan yarinyar ce ta tsare ni a kai.

Ni da dare nake rubutu, a kicin, bayan yara sun kwanta, tunda Lahadi da sassafe suke komawa makaranta. Makka ta riga Najeriya da awa biyu, in na saki feji ƙarfe goma sha biyun dare, ku a can goma ta yi, daidai lokacin da kowa ta gama wanke-wanke ta ja waya. Dare huɗu ina zama a kan kujerar roba in rubuta "Washegari da safe", in goge. A na biyar na rubuta muku cewa jikin ne babu daɗi.

To ashe na manta da wani cika baki da na taɓa yi a ƙasan wani feji, cewa ina zaune wajen Shari'u Mansur, duk wadda Allah ya kawo Umra ta neme ni. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ga saƙo: "Anti mun iso, muna Misfala, Mama ta ce lallai yau mu zo dubiya." Na ce kar su wahalar da kansu, likita ya hana ni hayaniya. Suka turo min falalar gaida marar lafiya. Har yanzu ban san yadda aka yi na tura musu lokeshan ba.

Abban yara da ya ji abin da ake ciki bai ce komai ba. Ya ɗauki hularsa ya ce zai je masallaci, alhali saura awa biyu a kira magariba.

Na shiga haɗa asibiti a falo. Katifa a ƙasa, bargo mai nauyi, ɗankwali na ɗaure a goshi tamau, na murza man zafi a wuya har idona ya kawo ruwa, na jera kwalayen Panadol biyu inda za a gani, ɗaya ma babu komai a ciki. Na kashe mukayyif, wato AC, don mai zazzaɓi ba ta son sanyi. Sai da na kwanta na ja bargo idona ya sauka a hannuna. Ƙunshi. Ja da baƙi, fulawa har gwiwar hannu, ƙafa har ƙwauri, wanda na ba da riyal 150 aka zana min ranar Laraba saboda bikin daren Alhamis. Na zabura na zura safa, na lalubo safar hannu baƙa ta fita unguwa na saka, na koma na lafe.

Su biyar suka shigo, 'yan mata huɗu da Mama. Ɗaya na rungume da galan ɗin zamzam mai lita 5, ɗaya da ajwa da suka sayo a Madina kafin su hau jirgin ƙasa su taho, ga ƙullin kilishi da kuka da daddawa daga gida. Ta ƙarshen shigowa wata 'yar firit ce mai tabarau, ta durƙusa ta ce, "Anti ya jiki? Ni ce mai lissafi." Wallahi a lokacin na ji zazzaɓin gaske na neman kama ni.

Na sassauta murya na amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya. Babbar cikinsu ta ce, "Anti, a kowane zagaye na ɗawafi sai da na ambace ki. Tsakanin Safa da Marwa ma, muna tura Kaka a keke, ban daina ba." Sa'ayin nan kilomita uku ne da ɗoriya in an haɗa zuwa da dawowa bakwai, yarinya na tura keken kakarta tana roƙa min lafiyar da nake da ita. Na ce da wane suna? Ta ce da na jikin littafi, ai ba ta san na yanka ba. Mama ta ce, "Babu komai, Allah ya san wadda ake nufi." Na ƙara shigewa bargo.

Mama ta matso ta dafa min goshi. Gumi kuwa kamar an kwara min ruwa, Makka ce fa, ko a watan Disamba mutum ba ya shiga bargo da safa da rana tsaka. Ta ce, "Alhamdulillahi, zazzaɓin na karyewa. 'Yata, me likita ya ce?" Na ce jini ne. Ta ce hawa ko sauka? Na ce yana hawa yana sauka. Mai tabarau ta ɗago ta dube ni, ta dubi kwalin Panadol, ta mayar da kai.

Aka nemi kofi, aka tsiyaya zamzam, Mama ta yi tofi mai tsawo, na sha. Na ɗauka an gama. Sai ta ce, "Miƙo hannunki in zuba miki ki shafe jiki." Na miƙa da safar. Ta ce cire mana. Na ce yatsun ne ba sa son iska. Ta ce zamzam ai ba iska ba ne, ta kama bakin safar ta fara ja. Ba da sauri ta ja ba, da ma fizgewa ta yi a huta. A hankali, irin yadda ake cire wa jariri riga. Wuyan hannu ya fito da zanen sarƙa. Bayan hannu ya fito da babbar fulawa. Yatsu suka fito ɗaya-ɗaya, kowanne da jan kai, baƙin nan yana sheƙi don ko kwana biyu bai cika ba. Falon ya yi tsit, ga mukayyif a kashe, har ɗigar ruwan na maƙwabta nake ji a kan kwanon baƙala, wato kanti. Mama ta juya hannun gaba, ta juya baya, kamar mai taya atamfa. Ta ture hannun rigata sama don ta ga inda zanen ya tsaya. Ta ce, "Masha Allah."

Na ce, "Ai Mama lalle na sauke zafin jiki, shi ya sa aka ce in yi." Kun san har ta fara gyaɗa kai? Ta ce haka ne, su ma a da ana ɗaura wa mai zazzaɓi a tafin ƙafa. Saura ƙiris in tsallake. Sai ƙofa ta buɗe babu ƙwanƙwasawa, kuma mutum ɗaya ce a ginin nan ba ta san ƙwanƙwasa ƙofa ba.

Khala. Waɗanda suka taɓa zuwa gidana kun san ta. A Makka aka haife ta, ba ta taɓa taka Najeriya ba, amma kullum cikin gyara min Hausa take. In ta zauna sai ta ba ki labarin kakanta da ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa, ta Fort Lamy, ta El Obeid, ya tsaya ya yi noman auduga a Jazira ya tara kuɗin jirgin ruwa, ya tsallako daga Sawakin, shekara bakwai cur, sannan ta dube ki ta ce, "Ku kuwa awa biyar a jirgin sama kuna kukan ƙafa ta kumbura." Aure ya kai ta Jidda, unguwar Sabil, sai da aka yi rusau a 2022 ta dawo Makka, kuma duk faɗin garin nan ba ta samu gida ba sai ƙarƙashin nawa. Ɗanta na sayar da tsire, wanda Larabawan nan ke kira siriya, har ta taɓa ce min na Kano kwaikwayo ne. Rubutuna kuwa "wasan waya" take kiransa, amma kowane dare sai ta sa jikarta ta karanta mata, kuma bayan uwargida take bi, a cewarta ita ce mai gaskiya. Babbar tukunyata ta dambu tana wurinta tun layya. Sau uku ina aika yaro, sau uku ana ce masa bukura, wato gobe. In na haɗu da ita a matattakala sai ta riga ni magana, ta ce tukunyar nan gindinta ya yi siriri, abinci na kamawa, in na tashi saye in sayi mai kauri. Tukunyata fa.

Ita ce ta shigo, da takalmi ƙafa ɗaya a hannu, mai tsini, ruwan gwal.

"Salamu alaikum ya jama'a! Ke ya binti, ga takalminki, a ƙarƙashin tebur aka tsinto shi a ƙa'a. Wallahi jiya kin ba da mamaki, har amarya ta shigo ƙarfe biyu kina tsakiyar fili." Sai a lokacin ta lura da bargo. "Esh fiki? Salamat! Me ya same ki?"

Mama ta ce, "Ai sati uku ke nan tana kwance."

"Sati uku? La, la, la. Talata muna tare a kasuwar Utaibiyya, ita ta riƙe min kaya." Ta ajiye takalmin a kan katifa, daidai gefen kwalin Panadol, ta zaro waya. An hana shiga da waya wajen mata a bikin, ashe ita tata a cikin riga ta ɓoye. Ta zauna tsakiyar baƙina, ba ta ma tambayi ko su waye ba, ta kunna. Kiɗa ya cika falon. Na ji muryata ina guɗa.

Abin da ke hana ni barci har yau shi ne ban tashi ba. Mai hankali sai ta yaye bargo ta yi dariya ta ce yara ku yafe min. Ni kuwa na ci gaba da kwanciya, hannu ɗaya da safa ɗaya babu, ina kallon silin. 'Yan matan sun haɗa kai a kan wayar, kafaɗar ɗaya na rawa, ɗaya ta cusa bakin hijabi a baki. Khala na nuna musu da yatsa, "Shufi, shufi, nan ne takalmin ya fita." Suka ce a mayar baya. Aka mayar. Ni kuma, Allah ya gani, sai na yi tari. Tarin marar lafiya, har sau biyu, bayan kowa ya gama ganina ina juyi. Ban san wa nake son in ruɗa ba.

Mama ce ta rufa min asiri, irin rufin da ya fi tonawa ciwo. Ta ce, "To Alhamdulillahi, ashe addu'ar ta karɓu tun kafin mu iso." Ta ce wa yaran su kunna min mukayyif kar in suma da gaske.

Daga nan aka sake. Na tashi na dafa shayi da ɗankwalin ciwo a goshi, na manta ban kwance ba. Suka yi ta ɗaukar hoto da ni, suka tambaye ni ko mijin littafin akwai irinsa a duniya, na ce ni dai ban gamu da shi ba. Khala ta ba su labarin kakanta tun daga Fort Lamy, ta cinye rabin kilishin, ta kuma ba da shawarar in ɗauke cikin in ba uwargida tunda ita ta fi cancanta.

A bakin ƙofa mai tabarau ta tsaya sai da kowa ya sauka. Na zaci haƙuri za ta ba ni. Ta rage murya ta ce, "Anti, in an haɗa da sati ukun nan ya kusa wata sha biyar fa."

Abban yara bai dawo ba sai bayan isha'i, ya leƙo ya ce ya mai jiki. Zamzam ɗin ina sha kullum da niyyar feji na 64, an ce yana wa mutum abin da ya sha shi dominsa, to zuwa yanzu dai na kai "Washegari da safe" ban goge ba. Jiya na sake aika yaro karɓo tukunya, an ce bukura.