Mahan, malamin tarihin da ya sa sarakuna ƙera jiragen yaƙi

Duk mai kunna rediyo ya saba jin "Gabas ta Tsakiya" safe da yamma. Wanda ya yaɗa wannan suna, a wata maƙala ta 1902 kan Tekun Fasha, hafsan sojan ruwan Amurka ne, Alfred Thayer Mahan. Ƙaramin abu ne wannan cikin abin da ya bari.

An haife shi a West Point a 1840, inda mahaifinsa ke koyar da hafsoshi. Ya shiga sojan ruwa, amma teku ba ta karɓe shi ba: jiragen da ya jagoranta sun sha yin karo, shi kuwa ɗakin karatu ya fi so. A Kwalejin Yaƙin Ruwa ta Newport ya sami gurbinsa, kuma daga laccocinsa na can littafinsa na 1890, kan tasirin ƙarfin sojan ruwa a tarihi, ya fito. Hujjarsa ita ce Ingila ta fi ƙarfin Faransa tsakanin 1660 da 1783 saboda ita ke riƙe da teku. Don haka mai son mulkin duniya sai ya tara manyan jiragen yaƙi da tashoshin kwal a nesa, ya nemi gwabzawa guda mai raba gardama.

Sarkin Jamus Wilhelm na biyu ya sa aka ajiye littafin a jiragen yaƙinsa. Japanawa suka fassara shi. Theodore Roosevelt, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya rungume shi hannu bibbiyu.

A ganina, Mahan ya tsinci tarihin da ya dace da buƙatarsa ne, tamkar mai zaɓen tumatir a faifai. Farautar jiragen 'yan kasuwa, wadda ya ɗauka abin bayan fage, ita ce ta kusa jefa Ingila cikin yunwa a 1917, da jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suka yi ta nutsar da kayan abincinta. Shi bai ga wannan ba, ya rasu a Disambar 1914. Japan kuwa ta haddace darasinsa har ta makance: ta zauna jiran babbar gwabzawar, ta yi sakaci da gadin jiragen dakon manta, jiragen ƙarƙashin ruwa na ƙasar Mahan ɗin kansa suka bi su ɗaya bayan ɗaya har zuwa 1945.