Bagaruwa ta kashe ƙwayar cuta a faranti, sai me?

Tun da masu tallan magani da lasifika a Damagaram suka koyi cewa "bincike ya tabbatar", kunnuwanmu ba su huta ba. Wai masana sun gano bagaruwa da sabara suna kashe ƙwayar atuni, don haka zuwa likita asarar kuɗi ce.

Binciken akwai shi, ban musa ba. Ana jiƙa garin ganye ko ɓawo a sinadari irin su itanol, a tace, a ɗiga a farantin da aka shuka Shigella, ƙwayar atunin da Kiyoshi Shiga na Japan ya gano a 1897. Washegari a auna filin da ta kasa tsirowa. Bagaruwa takan yi abin a yaba, kuma ba mamaki, cike take da tanin, abin da majemanmu ke jeme fata da shi tun kaka da kakanni.

To amma hanjin yaro ɗan shekara biyu faranti ne? Sau da yawa jiƙon da aka dafa a tukunya ba shi aka gwada ba. Cokali nawa za a ba shi, har kwana nawa, me zai yi wa hantarsa? Mai lasifika bai sani ba, bai kuma damu ba. Ko labarin cewa atuni iri biyu ne, na Shigella da na amiba, kowanne da maganinsa, bai taɓa ji ba. Shi dai a miƙo jika biyu. Uwa na ɗura jiƙo, ruwan jikin ɗanta na tsiyayewa, ga ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki a kusa ba a waiwaye su ba. Wannan ganganci ne da ran ɗan mutum.

Masu cewa duk sassaƙe camfi ne su je su tambayi inda aka samo maganin zazzaɓin da ya ba Tu Youyou, masaniyar kimiyya 'yar China, kyautar Nobel a 2015: daga tazargade.

Shigella ta fara bijire wa ciprofloxacin, maganin da likitoci ke bayarwa a kanta, saboda haka muna bukatar itatuwan nan ƙwarai. Jami'ar André Salifou da ke Damagaram ta zauna da masu maganin gargajiya na gaskiya, a auna, a gwada, hukuma kuma ta kashe lasifikan nan. Kafin nan, yaron da aka ga jini a bayan gidansa a kai shi likita ranar, kada a jira gobe.